Lallen da Ba a Yi Gwanjonsa Ba

Sana'ar maigidana sayen gidajen gwanjo ce. Ban taɓa jin daɗin faɗin haka ba, ko a lokacin ko yanzu da ƙasa ta rufe masa ido, amma da ita muka ci muka sha, ba zan ɓoye ba. A shekarun nan kafin a ba mu mulkin kai, gyaɗa ta ruɗi mutane da yawa. Mutum zai tafi Kano ya karɓi rance a banki, ya jinginar da gidansa, ya sayi mota ko ya kafa sikeli. In damina ta yi gardama ko farashi ya karye, sai ka ji alƙali ya ba da izini, an turo akawun banki tare da mai ƙararrawa. Ƙasa ba a sayar da ita, ta sarki ce. Abin da ake kira a gwanjo shi ne abin da ke kanta: gini, azara, kwano, ƙyamare.

'Yan gari ba sa tayawa. Wa zai ɗaga hannu a kan gidan da ya ci tuwon suna a cikinsa? Sukan tsaya can gindin bango, sun yi jugum, har mai ƙararrawa ya gaji da kira. Baƙo ne kawai, wanda ba ya jin nauyin kowa a garin, zai taya ya samu da araha. Maigidana ya gane wannan tun yana saurayi, shi ya sa bai taɓa sayen gida a unguwarsu ba. In ya ji labarin gwanjo a wani gari sai ya ɗaura rawani ya hau mota.

Saye ba shi ne wahalar ba, sayarwa ce. Muddin ƙarar ƙararrawa tana kunnen mutane ba mai kusantar gidan, kuma ginin ƙasa in ba kowa a ciki damina ɗaya ta ishe shi. Dabararsa ita ce ni. Da zarar ya saya sai ya ɗauko ni ya ajiye a ciki, in share, in hura wuta, hayaƙi ya riƙa tashi, har mutane su manta su daina cewa gidan wane, su koma cewa gidan baƙon nan. A nan sai mai saye ya fito, mu kuma mu naɗe tabarma. Shi yana kiran abin ɗumama gida. Ni kuwa har yau in na ji kalmar nan sai raina ya ɓaci. Ana cewa gida biyu maganin gobara. Mu muna da gidaje, ba mu da gida. Tasoshin jerena da gwaggona ta sha wahalar tarawa suna cikin kwando, a naɗe da tsumma, don na gaji da jerawa da kwashewa.

Haka muka iso Jibiya, ana gab da faɗuwar ruwan farko.

Mai gidan dillalin gyaɗa ne, motar da ya saya da kuɗin banki ta ƙi shi, gyaɗar ma ta ƙi shi a shekara guda. Bai jira ranar ƙararrawa ba. Ya kwashi iyalinsa ya ƙetare iyaka zuwa wani ƙauye a ƙasar Faransa, kan hanyar Maraɗi, inda ba wanda zai dube shi ya tuna. Gidan da ya bari ba wani babba ba ne. Zaure, soro ɗaya mai azarar giginya, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, ɗan ɗakin ajiyar hatsi, da rijiya a tsakar gida. Can baya, inda ruwan wanka ke gangarawa, akwai lalle, ya yi tsawo ya fi bangon. A jikin soron, ƙasa-ƙasa, akwai sawun 'yan yatsun wani yaro da ya dafa yaɓe tun yana ɗanye. Na saba ganin irin waɗannan abubuwa a gidajen mutane, na kuma saba kawar da kai.

Maƙwabta ba su zo mini sannu da zuwa ba. Ko ƙwaryar fura ba a aiko ba. Ina jin dakansu da hirarsu ta kan katanga, in na yi tari sai su yi shiru. Yaran da ake aikowa neman wuta sukan wuce ƙofarmu su shiga ta gaba. Sunana a unguwar matar mai gwanjo, kamar ni na kaɗa ƙararrawar. Ga kulle, ga maigida kullum yana hanya, sai ni da kaji biyu da ƙarar motocin gyaɗa da ke tsayawa wajen 'yan kwastan.

Wata ranar kasuwa, da hantsi, ina tankaɗe sai na ji sallama. Kafin in amsa har ta shigo. Mace ce da ta haife ni ko ta kusa, doguwa, baƙa, ƙafafunta fari fat da tafiya, ga ƙwarya a kanta. Ba ta dubi soro ba, ba ta dubi rijiya ba. Ta bi ta bayan ɗakin hatsi kamar mai zuwa makewayinta, ta ajiye ƙwarya a gindin lallen, ta fara zage ganye.

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya sani. Wata guda ina haɗiye wulaƙancin unguwa, ga wadda zan sauke wa. Na tashi da rariya a hannu na tambaye ta ko gidan ubanta ne da za ta shigo ta kama ɗibar abin mutane. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Ta bari sai da na gama, hannunta bai daina aiki ba.

Ta ce, "Ɗiyata, gida anka yi gwanjo. Ba a yi gwanjon lalle ba. Ni na dasa shi da hannuna, shekarar da anka kawo ni."

Sai a lokacin na gane ko wace ce: matar dillalin gyaɗar nan ce. Na koma kan tankaɗena ina huci. Ta cika ƙwaryarta, ta rufe da faifai, ta zo ta tsaya bakin rijiya tana kallon guga. Ban ce ta sha ba, ita ma ba ta roƙa ba. Da za ta fita ta ce, "Allah shi maida kowa gidansu." Ni da nake marmarin Katsina kamar in yi fiffike, ban san sa'ad da na ce amin ba.

Da maigida ya dawo na kai ƙara, ina jiran ya sa a yi wa ƙofa sakata. Dariya ya yi har rawaninsa ya karkace. Ya ce matar tana da gaskiya, icce na mai dashe ne, ko gona aka sayar ɗorawar da ke ciki tana nan ga mai ita. Ya ce shi da kunnensa ya ji abin da mai ƙararrawa ya lissafa, ba lalle a ciki, kuma shi ba ya cin abin da bai saya ba. Haka yake. Zai sayi gidan mutum yana kallon hawayensa, amma ba zai taɓa ganyen da ba nasa ba. Na daɗe ban gane irin wannan mutum ba.

Ta ci gaba da zuwa duk ranar kasuwa. Takan biyo masu jakuna tun da sassafe, ta sayar da daddawarta, sannan ta biyo gidan. 'Yan duwan, wato kwastan na Faransa, sun san ta, har suna yi mata ba'a wai mai fataucin ganye. Zuwa na uku na jawo ruwa na ajiye mata a moɗa ba tare da na yi magana ba. Ta sha, ta sake sha, ta ce ruwan can ƙauyen zartsi ne, ko shayi ba ya karɓa. Daga nan baki ya buɗe. Na tambaye ta yadda mijinta ke barinta tana yawon kasuwa, sai ta yi murmushi ta ce kulle ma sai mai gida. Shekarun da ta yi a nan, in ji ta, ko ƙofar zaure ba ta san launinta ba ta waje, sai ranar da suka fita da kaya a ka.

Na fara kiranta Inna ban san ranar da na fara ba. Ita ta nuna mini kusurwar soro da ke yoyo tun kafin ruwa ya nuna mini, ta ce a sa wa indararon gabas dutse don yakan juya. Ita ta gaya mini wace maƙwabciya ce bakinta ya fi zuciyarta zafi, wace ce kuma ake gaisawa da ita daga nesa. Sawun yatsun nan na jikin bango na babban ɗanta ne, wanda ya bi fataken shanu zuwa Kurmi tun kafin abin ya faru. Abu ɗaya ne ba ta yi ba: ba ta taɓa sa ƙafa a soron ba. In na ce ta shigo rana ta yi zafi sai ta ce inuwar lallenta ta ishe ta. Kuma duk ranar da za ta tafi sai ta yi addu'ar nan tata, ni kuma in ce amin.

Da matan unguwa suka ga ita da kanta tana shan ruwana tana zama a tabarmata, sai kunyarsu ta sake. Aka fara aiko yara ɗibar wuta. Aka aiko da ɗanwake. Wata ta leƙo ta katanga ta ce wai dama tana ta son zuwa, ayyuka ne suka yi mata yawa. Na ce ai na gani. Kafin kaka tsakar gidana ta zama wurin kitso, ana zuwa a roƙi lalle, in ce ba nawa ba ne, a jira mai shi ranar kasuwa. A watan nan ne na kwance kwandon jerena. Na wanke tasoshin da toka ɗaya bayan ɗaya, na jera su a soro har suka kai azara, na zauna a bakin gado ina kallonsu kamar yau aka kawo ni. Ba a daɗe ba na sami ciki, kuma na sa a raina cewa a nan zan tsufa.

Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, amma uwata ta rasu tun ina ƙarama, gwaggona kuma tana Katsina tana jiran a kai ni. Ba a kai ga kai ni ba. Damina ta biyu ce, gulbi ya kawo, hanya ta yanke, naƙuda kuma ta zo kafin lokacinta, ranar kasuwa da rana tsaka. Inna na gindin lallenta ta ji nishina. Ranar ce ta fara shiga soron, kuma ba na jin ta lura ta shiga. Ita ta karɓi yaron, ita ta yanke cibiya, ita ta dafa ruwan jego ta yi mini wankan da har yanzu in na tuna sai fatata ta yi yar. Ta aika wa mijinta da saƙo ta bakin masu jakuna, ta zauna har bayan suna. A ɗakin hatsi take kwana, duk roƙon da na yi.

Da na fara fitowa tsakar gida ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗaki, ta nuna mini wani wuri a gindin lallen da ƙasarsa ke da sabon tono, an ɗora dutse. Ta ce nan ta binne mabiyiyar yaron da cibiyarsa, kusa da na 'ya'yanta duka, rayayyu da waɗanda suka koma. Na sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ba a nuna an damu da shi, ko sunansa ba na kamawa, har yau ma da ya yi furfura. Amma daga ranar nan kullum in na je zubar da ruwan wanka sai na dubi dutsen.

Yaron ya fara rarrafe ke nan, wata la'asar maigida ya shigo fuskarsa a sake, ya ce in fara haɗa kaya, gida ya ɗumama, an samu mai saye. Akwai wani gwanjo a Funtuwa, can muka nufa.

Na yi magana, na yi magana. Na ce ina zan sami ruwa irin na rijiyar nan? Na ce unguwa ta karɓe mu, na ce jerena zai farfashe a mota, na ce shekara nawa ina ɗumama wa mutane gida, ni yaushe za a ɗumama mini? Duk ya ba ni amsa, don mutum ne mai amsa. Dalili ɗaya ne na san ba shi da amsarsa, shi ne kuma bakina ya kasa furtawa. Ta yaya zan dubi mijina in ce ba zan tashi ba saboda cibiyar ɗana na fari? Ko a gaban mata ba a faɗin wannan. Da na gaji na tambaye shi wane marar tausayi ne ya saya. Ya ce ai masu shi ne. Babban ɗan Inna ya dawo daga Kurmi da abin hannunsa, dangi sun tara masa sauran, an daɗe ana magana ta hannun liman. Bai tsawwala masu ba, wannan na shaide shi.

Na zauna a bakin rijiya, addu'ar nan ta dawo mini. Allah shi maida kowa gidansu. Kusan shekara biyu tana roƙon Allah ya tashe ni a gabana, ni kuma ina taya ta da amin.

Ranar kasuwa ta yi sallama na ƙi amsawa. Ta sake yi, na ci gaba da naɗe tasoshi da tsumma ina buga su da gangan. Ta shigo ta zauna a gindin lallen, ba ta tsinki ko ganye ɗaya ba. Yaron ya rarrafa ya haye cinyarta, don ita ba ta da kunyarsa, ita ke yi masa wasa tana kiransa mijinta. Sai da inuwa ta juya na fito na tsaya a kanta.

Na ce, "Inna, kin sani tuntuni."

Ta ce, "Na sani."

"Kika bar ni ina cewa amin."

Ta daɗe tana shafa kan yaron. Ta ce, "To mi zan roƙa, ɗiyata? In roƙi kar in dawo? Kullum in na ƙetare iyaka ina roƙo biyu, ɗaya nawa ɗaya naki, kuma na san gidan ɗaya ne."

Na so in ci gaba da fushi, don fushi ya fi mini sauƙi, amma ya ƙi zama. Na durƙusa kusa da ita na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kai ni ɗakin miji. Ina murna za ta sha ruwan rijiyarta ba a moɗar wata ba, kuma da za a ce in na buɗe baki cinikin zai warware, wallahi ban san abin da zan ce ba. Ita ma ta share ido da bakin mayafi, sannan ta ce in tashi in kawo turmi, ba za a fitar da ni daga Jibiya da farar ƙafa ba.

Busasshen lallen da ta tara ta daka, ta tankaɗe, ta kwaɓa. Ta wanke mini ƙafafu da kanta, ta ƙunsa mini hannu da ƙafa, ta ɗaure da ganye da tsumma. Maƙwabta suka shigo ana ta ba'a wai amarya za a kai Funtuwa. Da aka kwance ya kama ƙwarai, ja har yana komawa baƙi, faratana kamar an tsoma su a jini. Ban taɓa samun kamu irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan.

Ba ta yarda an shigo da kayansu ba sai da namu suka fita. Ranar tafiya, mota na jira a bakin hanya, ta riƙe ni a zaure ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada maigida ya ji. Ta ce, "Gida ya dawo mamu, amma abin da ke ƙarƙashin dutsen can ba a saye shi ba, naki ne. Ki shigo ba sai an amsa maki sallama ba, kamar yadda na yi maki."

Na ce zan zo. Har ga Allah da gaske nake.

Ita tana da ƙafa da kasuwa da iyaka da za a ƙetare da hantsi. Ni ina da kulle, kuma Funtuwa ba nan kusa ba ce. Daga Funtuwa sai Gusau, daga Gusau sai wani garin, kowane da ƙararrawarsa da maƙwabtansa masu yin shiru in na yi tari. Sau ɗaya wani direban gyaɗa ya kawo mini ƙullin garin lalle ya ce daga wata tsohuwa a Jibiya, ta ce a gaida mijinta. Bayan nan muka sake tashi, ba wanda ya san inda zai same mu. Da maigida ya gaji da yawo ya gina mana namu, wannan da nake ciki, ya ce to ga gida, sai in huta da gori. Na gode masa, na dasa lalle a inda ruwan wanka ke bi. Ya yi kyau, jikokina na ƙunshi da shi. Da na sami sararin tambayar Jibiya, aka ce mini Inna ta daɗe da rasuwa, a soronta.

Amma ba wannan labarin ne ya fi tsaya mini ba. Lallen fata yakan goge cikin 'yan makonni, na farce kuwa ba ya gogewa, sai dai farcen ya tsiro ya tura shi gaba. A gidan Funtuwa, inda ban kwance kwando ba, kullum da safe nakan zauna a bakin ƙofa in dubi ƙafata. Fari yana fitowa daga tushe, ja yana matsawa baki. Na hannu suka riga ƙarewa. Na babban yatsan ƙafa ya fi daɗewa, har ya rage ɗan siriri kamar zare. Na ƙi yanke shi. Ya yi tsawo yana kama tabarma, yana yaga zane, maigida yana tambaya ko aska ce ta ɓace a gidan. Ina cewa gobe.

Wata rana ina jan ruwa na yi tuntuɓe da bakin rijiyar, wadda ban san tsayinta ba tukuna, farcen ya karye ya faɗa cikin ƙasa. Na ajiye guga na durƙusa ina tona da yatsa. Yaron yana tsaye yana riƙe da zanena, ya ɗauka wasa nake, shi ma ya tsuguna yana taya ni nema.